Doki Ne Ke Cin Sukuwa, Ko Mahayi?

A rumfunan masu gyaran babur da ke tsakanin Tashar Jirgin Ƙasa da Sabon Gari akwai wata gardama da ba ta tsufa: idan matasa biyu suka yi tsere, wa ya ci, mahayin ko bakaniken da ya taɓa injin? Hana acaɓa da aka yi a Kano a watan Janairun 2013 ya rage babura a titi, amma gardamar tana nan.

Ra'ayina shi ne a gajeren tsere hannun mahayi ya fi, kuma ina da dalili. A Amurka, inda irin wannan tsere ya yi ƙarfi, nisansa bai wuce rubu'in mil ba, wato kusan mita 402. Ba kwana, ba dabarar shan gaban wani. Ana cin tseren ko a rasa shi tun a tashin farko. Wanda ya saki kuloci da garaje, ko tayar baya ta yi ta juyi a wuri ɗaya, ko ta gaba ta ɗaga sama. Wanda ya yi sanyin hannu kuwa an bar shi. Shi ya sa aka ƙirƙiro na'urorin da ke daidaita ƙarfin inji lokacin tashi, da masu sauya giya ba tare da an sassauta totur ba. Duk wannan ƙoƙari ne na kwaikwayon abin da gwani ke yi da yatsunsa.

Ba na cewa inji ba ya tasiri. Marc Márquez, zakaran MotoGP ɗan ƙasar Sifaniya, ya yi kusan shekara uku bai ci tsere ko ɗaya ba. Ya bar Honda ya hau Ducati a 2024, a 2025 ya sake ɗaukar kambun duniya. Masu cewa doki ne za su ce ga shaida. Sai dai mahaya da dama sun hau Ducati a shekarar, shi ya tsere musu. Su kansu masu shirya gasar sun ga na'ura na neman rufe gwaninta: tun 2016 suka tilasta wa kowa manhaja iri ɗaya, daga 2027 kuma za a rage injin daga 1000cc zuwa 850cc, a hana na'urar da ke durƙusar da babur lokacin tashi.

Abin da ya fi damuna yana gida. Gyaran da ake yi wa Bajaj ko Jincheng a nan bai wuce cire salansa, da ƙara wa inji shan mai, da sauya faifan haƙoran da ke jan sarƙa ba. Ƙara tana ƙaruwa, har yaro ya ɗauka gudun ne ya ninka. Birkin kuwa na jiya ne, tayar ta suɗe, kansa babu hular kwano, filin tseren kuma titi ne da 'yan makaranta da Adaidaita Sahu ke bi.

Bakano ya san jahi. A hawan sallah ba a yaba wa mahayi don dokinsa ya yi gudu, kowane ingarma yana yi. Ana yabonsa ne idan ya taho a sukwane ya ja linzami ya tsaya cak a gaban Sarki. Garin da ya ware wa dawakai Filin Sukuwa zai iya ware wa waɗannan matasa shimfiɗar kwalta ta mita ɗari huɗu, da sharaɗin a duba birki da taya kafin a ba kowa izinin tashi.