Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamaina masu girma, ina neman gafara tun da fari, domin maganar da na zo da ita ba ta da daɗin ji. Ni mutumin Tabanni ne a ƙasar Birnin Gwari, kuma shekarata huɗu ke nan ina fama da digirin digirgir a fannin ƙera manhajar kwamfuta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata mummunar al'ada da ta yi mana katutu, watau ɓoye bincike kamar kuɗin adashi har sai ranar kare kundi. Ni ma na yi wannan ɓoyo, kuma saura ƙiris ya kai ni ya baro.

Ga yadda abin ya faru. Aikina shi ne ƙera manhajar da ma'aikatan lafiya na karkara za su riƙa rubuta bayanin marasa lafiya a wayar hannu ko da babu sabis, in sabis ya samu sai wayoyin su aika da abin da suka tara zuwa rumbu guda. Ba a littafi na tsinci wannan matsala ba. A ƙarshen Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, saboda 'yan bindiga, ba a kuwa ba da umarnin maido da su ba sai a ƙarshen Nuwamba. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a gaya masa amfanin manhajar da ba ta dogara da sabis ba.

Sau biyu na gabatar da aikin nan a taron ƙara wa juna sani na gida. A karo na farko an kwashe wajen rabin sa'a ana gardama a kan ko taken ya yi tsawo. A karo na biyu aka ce in gyara waƙafi da aya, in kuma jera sunayen marubuta bisa ƙa'ida. Aka tafa mini, aka sha lemo, aka watse, na koma ɗaki ina jin kaina gwani.

A shekara ta uku Allah Ya nufe ni da halartar wani taro a wata ƙasar Afirka, inda aka ware yini guda domin ɗaliban digirgir. Ina gama bayani sai wata dattijuwar farfesa, wadda ba ta taɓa jin sunan Tabanni ba, ta tambaye ni abin da zai faru in ma'aikata biyu sun duba yaro ɗaya a lokacin da babu sabis, kowa ya rubuta nasa maganin a tasa wayar, sa'an nan sabis ya dawo bayan wata biyu. Na amsa da ƙarfin gwiwa cewa manhajar za ta riƙe rubutun da ya zo ƙarshe. Ta ce to, na farkon fa? Nan take gumi ya karyo mini. Ashe manhajata share na farkon take yi ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ma'aikaci na uku zai buɗe waya ya ga magani guda alhali yaron biyu ya sha, ya ɗora masa wani a kai. Ta ƙara da cewa masana sun daɗe suna aiki a kan yadda ake haɗa bayanai masu karo da juna ba tare da an yar da ko ɗaya ba, ta nuna mini inda zan fara karatu. Wata takwas na yi ina rushe gini ina sake shi. Na ji zafi, amma da a ranar kare kundi aka gano wannan, ko kuma a jikin ɗan wani, da zafin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kada wani ya ce ai wannan sakacina ne ni kaɗai. Fannin nan namu da suka aka haife shi. A 1968 masana suka taru a garin Garmisch na Jamus domin manyan ayyukan manhaja suna ta cin kuɗi, suna makara, suna lalacewa, daga wannan taro ne sunan fannin ya bazu. A 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya wallafa tsarin da abokan aiki za su zauna su bi rubutun ɗan'uwansu layi-layi suna neman kuskure. A ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti guda bayan tashinta, domin an ɗauko manhajar da ta yi aiki lafiya a Ariane 4 aka ɗora mata, wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. Gwanaye ne suka rubuta ta, amma zaton da suka gina ta a kai ya daina aiki da rokar ta canza. In irin wannan ya sami gwanaye, ɗalibin da ya kulle kansa a ɗaki da me yake taƙama?

Saboda haka ne babban taron duniya na wannan fanni, wanda ake kira ICSE, wanda aka soma a 1975, yake da zaure na musamman domin ɗaliban digirgir. Ɗalibi zai aika da 'yan shafuka ya bayyana matsalar da yake so ya warware, da hanyar da zai bi, da abin da ya samu zuwa yanzu, da yadda zai gwada ko aikin ya yi. Manyan masana waɗanda ba su suke duba aikinsa ba su karanta, su zauna da shi, su gaya masa gaskiya tun da sauran lokacin gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba kuwa baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya gardi yakan kawo allonsa wurin darasu ya karanta a gaban alarammomi, su tsayar da shi a kan wasali guda, ba ya fushi, domin ya san da haka ake zama gwani. Mu 'yan boko ne muka mai da gyara abin kunya.

Na san hujjojin da za a kawo mini. Ɗalibi zai ce yana tsoron a sace masa tunani. Ɗan'uwa, aikin da ka gabatar a gaban jama'a, aka buga shi da sunanka da kwanan wata, ya fi wanda ke ƙarƙashin katifarka wuyar sata. Wani malami kuma zai ce in baƙo ya soki aikin ɗalibinsa, shi aka ci wa fuska. Allah Ya gafarta malam, wanzami ne kawai ba ya son jarfa. Kai da ɗalibinka kun shekara uku kuna kallon abu guda har idonku ya saba da shi, dole a sami baƙon ido. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi da biza, ba kuma zan raina ta ba. Tun da aka fara ICSE sau ɗaya ya zo Afirka, a birnin Kef Tawun a 2010. A 2018 da 2019 Kanada ta hana masu bincike da dama daga Afirka bizar halartar babban taron NeurIPS. Tallafin zuwa taro na asusun TETFund kuwa na ma'aikatan makarantu ne, ɗalibin da ba ma'aikaci ba sai dai ya sayar da akuyar gyatumarsa. Duk wannan gaskiya ne. To, amma wace biza ake nema daga Zariya zuwa Kano? Nawa ne kuɗin mota daga Katsina zuwa Sakkwato? Muna da jami'o'i a duk waɗannan garuruwa, muna da Cibiyar Iya Abubakar a Jami'ar Ahmadu Bello, muna da Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Nijeriya wadda tushenta ya faro tun 1978. Abin da ya rage mana shi ne niyya.

Ga abin da nake kira a yi. Kowane taron wannan fanni a ƙasar nan ya ware yini guda domin ɗaliban da ba su gama ba. A ba kowane ɗalibi masana biyu daga wata jami'a dabam, waɗanda suka karanta takardarsa tun kafin ranar. Mai duba aikinsa ya yi haƙuri ya jira a waje, domin yaro ba ya sakin baki a gaban ubangidansa. A hana maganar waƙafi da aya sai an gama maganar ko aikin yana aiki. A kuma daina auna taro da satifiket ɗin da aka raba, domin da yawanmu mun mai da shi kasuwar takardar neman ƙarin girma, a biya kuɗin rajista, a karanta a minti biyar, a karɓi jaka a kama gaba.

Ku kuma 'yan ƙungiyar Hausa, akwai naku rabon. Ku gayyaci masu binciken kimiyya su bayyana aikinsu da Hausa a zamanku na mako. Wanda ya kasa bayyana manhajarsa da harshen waɗanda za su yi amfani da ita, akwai sauran abin da bai gane ba. Da na koma gida na yi wa wata ungozoma bayanin tawa, sai ta tambaye ni yadda za ta bambanta yara uku masu suna ɗaya, 'yan gida ɗaya, ba wanda yake da takardar haihuwa. Wannan tambaya ita ce babi na biyar a kundina yanzu.

Duk wanda ya ga kuskure a wannan takarda, don Allah ya rubuto martani a fitowa ta gaba, zan karɓa da hannu biyu. Allah Ya sa mu dace, amin.