Wa Ya Naɗa Grammy Alƙalin Waƙarmu?

Jama'a, ina da ƙorafi. Duk shekara in an zo rabon kyautar Grammy a Amurka, sai ka ga ɗalibanmu sun kwana ido biyu, suna jira a faɗa musu wane ne mawaƙi. Tun 1959 ake wannan rabo, amma sai a 2024 aka ware wa Afirka rukuni guda tak, Tyla ta Afirka ta Kudu ta ɗauka. Ƙasashe 54 a ƙwarya ɗaya! Wannan karramawa ce ko sadaka?

Ban raina Burna Boy da ya ci tasa a 2021 ba. Amma masu ƙuri'ar nan kiɗanmu kawai suke ji, ba sa jin maganarmu. Ita kuwa waƙar Hausa, zambo da habaici da kirari su ne gishirinta. Wanda bai jin Hausa, da wane kunne zai auna Narambaɗa?

Shata bai taɓa cin Grammy ba. Jami'ar Ahmadu Bello ce ta san darajarsa, ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Malamaina da 'yan'uwana, ma'aunin yana hannunmu. In muka bari ya yi tsatsa, kada mu ga laifin kowa.