NITEL: Laifin ma'aikata ne ko na masu kamfani?

Duk wanda ya yi wayo a Sakkwato kafin shekarar 2001 ya san darajar lamba 060. A wancan zamani, sai mai hannu da shuni ko mai uwa a gindin murhu ke samun tarho a gida, kuma ma'aikacin NITEL mutum ne da ake gaisarwa da ladabi, domin in layinka ya mutu shi ne likita. Kamfanin da aka kafa a 1985 bayan haɗe sashen tarho na P&T da NET ya daɗe yana cin karensa babu babbaka, amma duk faɗin Nijeriya layukansa masu aiki ba su wuce rabin miliyan ba.

Sai ga wayar salula. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisi, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, aka kuma keɓe wa NITEL nasa. Har gobe akwai masu cewa ma'aikata ne suka kashe kamfanin da lalaci da karɓar na goro. Ba na musun an yi hakan. Amma mai karatu ya ɗauki kansa a matsayin injiniyan da ke aiki a Sakkwato. Ya san wayoyin tagulla sun tsufa, ɓarayi na tone su. Ya rubuta takardar neman kayan gyara, ta tafi hedikwata ta yi kwanan zaune. Ma'aikatun gwamnati sun sha waya ba su biya ba, alhali sababbin kamfanoni sai ka sayi kati kafin ka ce salamu alaikum.

Uwa uba, kamfanin ya zama tamkar amaryar da kullum ake ɗaura mata aure ana warwarewa. IILL ya taya a 2001 ya kasa biya. Aka danƙa ragamar ga Pentascope na ƙasar Holan a 2003, aka soke yarjejeniyar a 2005. Transcorp ya sayi kashi 51 a 2006, gwamnati ta ƙwace a 2009. Wane shugaba ne zai sayi sababbin na'urori alhali bai san ko wa zai mallaki kamfanin baɗi ba? Albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, ƙwararru suka tsere, waɗanda suka rage suka yi ta gadin injunan da ba mai kira ta cikinsu. A 2014 NATCOM ya saye kadarorin a kan dala miliyan 252, wato ƙasa da kuɗin lasisi guda ɗaya a 2001. Da ntel ya fara aiki a 2016, Legas da Abuja da Fatakwal ya nufa. Sakkwato ba ta cikin lissafi.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, wanda ke kula da Sakkwato. A Janairun 2024 NERC ta rusa hukumar gudanarwarsa saboda bashin naira biliyan 110. Amma a Mabera ko Arkilla, ƙaramin ma'aikacin da ya zo da tsani shi ke shan zagi.