Ƙofar aikin koyarwa ga masu sauya sana'a

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin wata mas'ala da ta dame mu a Gwiwa.

Alhali makarantunmu na karkara suna kukan ƙarancin malaman lissafi da kimiyya, akwai mutane a wannan yanki waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Husaini Adamu da ke Kazaure ko a jami'a, suka shafe shekaru a wata sana'a, yanzu kuma suna da niyyar shiga aji, amma rashin shaidar koyarwa ya tsare su, domin hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda doka ta kafa a 1993, ba ta yi wa kowa rajista sai wanda ya karanci fannin koyarwa. Sharaɗin nan adalci ne, gama mallakar ilimi daban, hikimar isar da shi ga yaro daban.

Hanya kuwa tana nan, tun da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana bai wa mai digiri difloma ta koyarwa ba tare da ya bar aikinsa ba. Ina roƙon gwamnatin Jigawa, don Allah, ta ɗauki nauyin kuɗin karatun, ta kuma sa a riƙa yin darussan a kusa da mu.

Wassalam,
Mai karatu daga Gwiwa