Vatanen da Kankkunen: suna daban, kofi daban

Duk ranar da hira ta kai mu ga tseren motoci na Paris-Dakar a gidan rediyon da nake aiki, suna ɗaya ne dattawa ke bugo waya su ambata: Ari Vatanen, ɗan ƙasar Finlande. Ni ban ga zamaninsa ba, amma na tashi na tarar da sunan a bakin direbobi da makanikai, tun lokacin da motocin ke ratsa Tenere su sauka Agadas.

Ba na musun gwanintarsa. Ya zama zakaran duniya na tseren rali a 1981. A 1985 ya yi mummunan hatsari a Ajantina, har aka fitar da rai da shi, amma ya miƙe ya ci Dakar sau huɗu: 1987, 1989, 1990 da 1991. Wanda ya dawo daga bakin kabari ya yi haka, dole a sara masa.

Sai dai akwai ɗan ƙasarsu da nake ganin mun ci wa hakki, wato Juha Kankkunen. Shi sau huɗu ya zama zakaran duniya, a 1986, 1987, 1991 da 1993, da motocin kamfanoni uku, Peugeot, Lancia da Toyota. Tsere 23 ya ci a gasar duniya, Vatanen kuwa 10. Amma ka tambayi mutum a tasha wane ne Kankkunen, sai ya yi maka kallon baƙo.

Shi ma fa ya ci Dakar, a 1988. Abin da ya rage wa nasarar armashi shi ne, Vatanen ke kan gaba aka sace motarsa a Bamako. An gano ta, amma lokaci ya ƙure, aka fitar da shi. Tun daga nan ake cewa Kankkunen tsintuwa ya yi.

To, in haka ne, mu faɗi gaskiya duka. A 1989, a Gao, shugaban tawagar Peugeot, Jean Todt, ya ga Vatanen da Jacky Ickx na neman halaka kansu da gudu, sai ya jefa ƙwandala sama don a raba gardama. Ta faɗo wa Vatanen, aka umurci Ickx ya sassauta. Me ya sa ba a kiran wannan tsintuwa? Ɓarawon Bamako da ƙwandalar Gao duk sun ƙara wa Vatanen suna, domin labaru ne masu daɗin maimaitawa, mu ma 'yan rediyo su muka fi so. Daga baya ya shiga siyasa, ya yi shekara goma a majalisar Turai, daga 1999 zuwa 2009.

Kankkunen bai bar mana irin wannan labari ba, tuƙi kawai ya yi. Da za a ba ni mota ɗaya a ce in zaɓi direba tsakanin su biyu, shi zan miƙa wa makulli, ko da dattawan da ke bugo mini waya za su yi fushi.