Sharhi: Raunin ƴan kokowa da na'urar "eko", a gani kafin a taɓa

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, gangunan kokowa sun fara tashi gari-gari. Daga yanzu har zuwa kokowar takobi, da wuya ka ci kasuwa a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Doso ba ka ji labarin wane ya kada wane ba. Labarin da ba a cika ji ba shi ne na yaron da aka fidda daga fili yana dafe da kafaɗa ko yana jan ƙafa, aka ce "targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori." A kansa sharhinmu na yau yake, da kuma wata na'ura da muka daɗe da sani amma muka bar ma mata masu ciki kaɗai: eko.

Mu fara da abin da ke sa ɗan kokowa ɓoye ciwo. Tun 1975, lokacin da aka yi kokowar takobi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka, wannan gasa ita ce burin duk wani yaro mai ƙarfi a ƙasar nan. Jihohi takwas, kowace da mutum 10, ƴan kokowa 80 ke nan, ana gwabzawa kusan kwana goma. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita layin takobi. Wanda ya kai ƙarshe kuwa, miliyoyin sefa da kyaututtuka da suna na jiran sa, kamar yadda muka gani ga Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. To, ku gaya muna, wane yaro ne zai ce ma mai horar da shi cinyarsa na ciwo alhali saura karo biyu? Zai cije ne, ya ɗaure wurin, ya shiga. Nan ne ƙaramar yagewa ke zama babba.

Kuma mu tuna, ɗan kokowarmu manomi ne, ko makiyayi, ko ɗan dako. Kafaɗar da ya lalata a fili ita ce zai riƙe hauya da ita in damina ta faɗi. In ta mutu, ba kokowa kaɗai ya rasa ba, har abincin gidansa.

Me eko ke gani?

Sunan ma daga amsa-kuwwa ya fito. Na'urar na tura sauti cikin jiki, sautin ya bugi nama ya dawo, ita kuma ta mayar da abin da ya dawo hoto a kan allo. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa. Wanda ake duba tsoka da shi yana kaiwa miliyan 7 zuwa 18. Babu yanka, babu zafi, babu kuma irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, wanda a likita ake ce ma radiyo. Shi ya sa ake iya maimaitawa yau da jibi da mako mai zuwa ba tare da fargaba ba.

Hoton radiyo ƙashi yake nunawa. Sau da yawa yaro ya je, a ɗauka, a ce masa "ba ka karye ba, je ka gida," alhali jijiyar kafaɗarsa ta yage. Abin da radiyo ba ya nunawa shi eko ke gani: tsokar cinya ko ta ƙwauri da ta yage, jinin da ya taru a ciki, jijiyoyin kafaɗa, na idon ƙafa, agarar da ta tsinke, ruwan da ya taru a gwiwa. Wani amfaninta babba shi ne ana dubawa mutum na motsi. Likita ya ce ɗaga hannu, lanƙwasa ƙafa, yana kallon jijiyar ko tana tafiya daidai ko ta rabu biyu, sannan ya duba ɓangaren da ke lafiya ya gwada su. Cikin mintoci kaɗan an san inda aka dosa.

Wannan sani shi ke raba hutu da hutu. Ƙaramar yagewar tsoka kan warke cikin mako biyu zuwa uku. Babba na iya cin wata biyu ko fiye. Agara in ta tsinke sai an sa ƙafar cikin abin da zai hana ta motsi ko a yi fiɗa, kuma komawa fili sai bayan wata shida ko fiye. A ido duk kumburi ne da ɗingishi, amma maganinsu ba ɗaya ba. Gani ya kori ji.

Inda idonta bai kai ba

Kada mu ɗauke ta abin al'ajabi. Sauti ba ya ratsa ƙashi, don haka karaya har yanzu aikin radiyo ne. Jijiyoyin da suka gitta a can tsakiyar gwiwa, waɗanda ke yawan tsinkewa in an murɗe ƙafa tana kafe cikin rairayi, eko ba ta ganin su sosai. Wannan sai babbar na'urar IRM, mai tsada, wadda sai manyan asibitocin birni.

Na biyu, na'urar ba ta fi hannun mai riƙe da ita ba. Wanda ya ƙware wajen auna jariri a ciki ba lalle ne ya gane jijiyar kafaɗa ba, karatun daban ne. In aka karkata kan na'urar kaɗan, lafiyayyar jijiya sai ta yi duhu kamar ta yage. Shi kansa kan da ake ɗorawa a jiki iri-iri ne: na awon ciki mai lanƙwasa ne, yana hango zurfi, na tsoka miƙaƙƙe ne, yana nuna abin da ke kusa da fata dalla-dalla. Ke nan gidan haihuwa na iya mallakar na'ura amma ba ta amfani ɗan kokowa ba, saboda rashin wannan kai guda da rashin horo.

Maganar allura

Bayan gano ciwo, likitoci na amfani da eko wajen yi ma allura jagora. Suna kallon bakinta a allo tun shigarta har ta isa wurin, a zuƙe jinin da ya taru ko a zuba magani daidai inda ake so, ba tare da an soki jijiyar jini ba. Wannan ya fi lalube cikin duhu nesa ba kusa ba.

Amma a nan akwai tarko. Allurar kortizon tana kashe zafi da kumburi, ba ta ɗinke abin da ya yage. In aka yawaita ta, jijiya na raunana har ta tsinke. Yaron da aka yi ma ita da safe don ya shiga fili da marece, an kashe masa ƙararrawa ne an bar gobara na ci. Haka shi ma tramol da muka san yadda ya yi katutu a tsakanin matasa. Hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta hana allurar kortizon da ire-irenta lokacin gasa tun farkon 2022, ta kuma hana tramol lokacin gasa tun farkon 2024. Duk ɗan wasanmu da zai fita waje, ɗan ƙwallon Mena ne ko ɗan takwando, wannan doka na kansa. Mu kuwa cewa muke, abin da aka hana don tsare lafiyar ɗan wasa a Turai bai kamata ya zama abin karin kumallo a filin ƙauye ba.

Mai ɗori fa?

Ba faɗa muke da masu ɗori ba. Su ne kusa da mutane, da yawansu gado suka yi, kuma jama'a sun yarda da su. Sai dai hannu, komai ƙwarewarsa, ƙashi yake lalube. Ba ya ganin jijiyar da ta rabu. Murza wuri da ƙarfi ko gasa shi da ruwan zafi a ranar da aka ji ciwo na ƙara zubar jini a ciki. Ɗauri mai tsanani kuma yana tsaida jini, abin da likitocin fiɗa na ƙasar nan suka daɗe suna kuka da shi, don yakan kai ga yanke hannu ko ƙafa. Mai ɗorin da ya ce "je ka a ɗauki hoto tukuna" bai rage komai daga darajarsa ba.

Abin da muke ganin ya dace

Yau akwai eko ta hannu da ba ta wuce tocila girma ba, ana haɗa ta da wayar salula ko ƙaramin allo, batir gare ta. Ba abin da zai gagari ƙasar da ke kashe miliyoyi a bikin takobi ba ne. Muna kira ga ma'aikatar wasanni da hukumar kokowa ta ƙasa da su sa irin wannan na'ura da ƙwararren mai dubawa cikin ayarin likitocin bakin fili, a kuma duba duk mai ƙorafin ciwo tun lokacin zaɓen ƴan kokowar jiha. Maganar likita ta zama ita ce ta ƙarshe: in ya ce yaro ba zai shiga ba, kada mai horo, ko mai kuɗin da ke ɗaukar nauyinsa, ya ce sai ya shiga.

Takobi kwana goma ne, kokowar ƙauye kuwa rani ɗungum. Don haka babban aiki na asibitocin gundumomi ne: inda akwai eko, a ƙara mata miƙaƙƙen kai, a horar da mutum ɗaya ko biyu. Magadan gari da masu shirya kokowa su ware wani abu daga kuɗin shiga fili don wanda ya ji ciwo. Ƴan uwanmu da ke Kano, Abijan, Akara, Aljeriya ko Faransa, ku da ake kira in an ji rauni a gida: kafin ku aiko kuɗin magani, ku tambaya, an duba wurin kuwa? Ƙungiyoyinku da ke gina masallaci da rijiya na iya haɗa hannu su sai ma asibitin gundumarsu wannan kai guda.

Ku kuma iyaye da masu horo, a kwana biyun farko a huta, a sa ƙanƙara cikin tsumma ko ruwan randa mai sanyi, a ɗaure sassauƙa, a ɗaga wurin sama. In yaro ya ji ƙara "ɓas" lokacin da abin ya faru, ko ya kasa tsayawa kan yatsun ƙafa, ko ya kasa ɗaga hannu, ko kuka ga rami a tsoka, ko yatsunsa suka yi sanyi da dashi bayan ɗauri, kada a jira gobe, likita za a nufa.

Kokowa gadonmu ce, kuma kirari ba ya ɗinke jijiya. Wanda ya janye bana don ya warke, baɗi ma yana fili, damina kuma ta same shi a gona. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma maida kowa gida lafiya.