Kafin mu zargi maƙwabci, mu fara auna ruwan kifin



Kiwon tarwada a cikin gida ya fara shiga ran matasanmu. Wani ya gina kwamin siminti a bayan ɗaki, wani ya kafa tamfol, ya sayar da akuya ya sayo ƴaƴan kifi. Kwana kaɗan sai a wayi gari sun juya ciki sama. Nan take sai ka ji: "baki ne", ko "mai sayarwa ya cuce ni". Ruwan kuma ba wanda ya tuhume shi, tunda ga shi garau.

To, ido ba ya auna ruwa. Mutanen Tibiri shaida ne: ruwan famfo mai kyan gani ya lanƙwasa ƙasusuwan yara saboda sinadarin fuloraid da ya yi masa yawa. In mutum bai gane ba, ina ga kifi da ke kwana ya tashi a ciki?

Akwai ma'aunin da ake ce wa pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita ɓangaren tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Uwayenmu sun san wannan tun kafin boko, shi ya sa suke jefa ɗan kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami. Tarwada da karfasa sun fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5, kuma tazarar lamba ɗaya ninki goma ce. Daga 8 zuwa 9 ba wasa ba ne.

Sabon siminti yana sakin sinadarin da ke tura ruwa ɓangaren kanwa. Dole a cika kwamin, a bar shi ya jiƙa, a zubar, a maimaita tsawon sati ɗaya ko biyu kafin kifi ya shiga. Gaggawa ce ke hana mu.

Babbar matsalar ma ita ce kashin kifin da ragowar abincin da muke zubawa fiye da kima, wai don ya yi saurin girma. Su ne ke zama amoniya, ita kuwa dafinta ƙaruwa yake in pH ya hau kuma ruwa ya yi ɗumi. Ku tuna zafinmu na watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40. A irin wannan lokaci ne wani zai ba ka shawarar zuba kanwa "don ta wanke ruwa". Wallahi ƙara wa wuta fetur ne. Haka masu fasa kafso a ciki, asarar kuɗi kawai.

Canjin ruwa ma da ƙa'ida: a rage kashi ɗaya cikin uku a ƙara sabo, kada a juye duka lokaci guda. Ruwan famfo mai jabel a bar shi a buɗe ya kwana tukun.

Ra'ayinmu shi ne duk mai sayar da ƴaƴan kifi ya riƙa haɗawa da takardar awon pH, wadda ake tsomawa ta canza launi, ya kuma nuna yadda ake karanta ta. Ma'aikatan gandun daji da ke kula da harkar kifi su ma su shigo rediyo su yi bayani da Hausa. Mai takardar ya auna da asuba, ya sake aunawa da la'asar, musamman in ruwan ya yi kore, don lambar kan hau da rana ta sauka da dare.